Injin Yankan Ciyawa Na Hawa: A Jos, Fili Ne Ke Zaɓen Inji

Daga watan Afrilu zuwa Oktoba, ruwan sama ba ya barin ciyawar Jos ta huta. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, ga sanyi ga yawan ruwa, don haka filin da aka yanke ranar Litinin yakan sake neman wuƙa kafin mako ya zagayo. Ga kuma cibiyoyin tarayya masu faɗin haraba, irin su Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa da ke Kuru, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, da Jami'ar Jos. A irin waɗannan filaye, adda da injin turawa ba sa isa, shi ya sa ake komawa ga injin da ake hawa kamar ƙaramar tarakta.

Sau da yawa jami'in sayayya ko hadimin wani babba ne ake ɗora wa nauyin nemo shi, kuma shi za a tuhuma idan fili ya lalace. Lalacewar da aka fi gani ita ce askin ƙwal-kwabo, wato wuƙa ta sauka ƙasa sosai ta kwashe ganye har ta taɓa turɓaya. Wurin sai ya yi ja, rana ta ƙona saiwa, mamakon Agusta ya wanke ƙasar, sannan ciyawar banza ta mamaye gurbin.

Abu na farko shi ne a auna fili. Fuloti mai ƙafa 100 sau 100 bai kai murabba'in mita 1,000 ba, kuma injin turawa ya ishe shi. Sai fili ya haura kamar murabba'in mita 2,000 ne injin hawa yake cin kuɗinsa.

Na biyu shi ne faɗin kwanon da wuƙaƙe ke juyawa a ƙarƙashinsa. Mai sayarwa zai yabi mai inci 48 ko 54 saboda saurin gama aiki, amma ƙasar Jos cike take da tudu da kwari da duwatsun da ke leƙowa. Kwano mai faɗi ba ya bin lanƙwasar ƙasa. Idan tayoyi suka faɗa kwari, tsakiyarsa sai ta karce tudu. Mai inci 36 zuwa 42 ya fi dacewa da irin wannan wuri, kuma galibi ya fi sauƙin kuɗi. A tabbatar akwai ƙananan tayoyi a gefen kwanon, domin su ne ke ɗaga shi idan ya ci karo da tudu.

Tsayin garin ma yana da tasiri. Injin fetur yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda ƙarancin iska. Ke nan injin da ya yi rawar gani a Legas zai iso Jos da raguwar fiye da kashi 10 cikin 100, kuma a jiƙaƙƙiyar ciyawa ake jin bambancin. Gangare kuwa, kamfanonin da ke ƙera injinan suna gargaɗin kada a hau wanda ya wuce digiri 15. Inda gangaren yake da sauƙi, a riƙa hawa da sauka, ba ratsawa ta gefe ba, don gudun kifewa.

Batun farashi, araha ba ta ado. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da inji ke sha ya zama ɓangaren kuɗinsa. Haka ma kayan gyara. Kafin a sa hannu a takarda, a tambayi bakaniken gari ko yana samun bel, wuƙa da matatar iska na wannan samfurin. Injinan Briggs & Stratton, Kohler da Kawasaki sanannu ne a duniya, amma suna kaɗai ba ya tayar da injin da belinsa ya tsinke. Idan na hannu ne, a kunna shi a kan ciyawa, a leƙa ƙarƙashin kwano don tsatsa, a girgiza wuƙa a ji ko sandarta ta yi sako-sako.

Sauran aikin yana hannun mai tuƙi. Ƙa'idar masu kula da filaye ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ciyawa a yanka guda. Wanda yake son santimita 6, ya yanke idan ta kai 9. Idan an yi sake ta yi tsawo, a rage ta sau biyu da tazarar kwanaki. Iskar tayoyi ta zama daidai hagu da dama, domin taya ɗaya mai laushi na karkatar da kwano. A tsince duwatsu kafin a fara, a rage gudu a kwana, a cike ramuka da ƙasa. Da hunturu, lokacin da ciyawa ke tsayawa da girma, a ɗaga wuƙa sama, a kuma yawaita share matatar iska saboda ƙura.

Saboda haka, kafin a nemi takardun farashi daga 'yan kwangila, jami'in da abin ya shafa ya taka filin da ƙafarsa tare da mai lambu, ya rubuta girmansa da gangarensa da wuraren duwatsu. Wannan takardar ce ya kamata ta shiga fayil da farko.