Daidaita Mazaunin Bayanai a Kwamfutar Kwaikwayo

A wannan ɗan rubutu ina so in gwada Hausa a wani fage da ba a cika ganin ta ba, wato abin da ke gudana a cikin kwamfuta. Batun da na ɗauka shi ne yadda barin fili babu komai da gangan yake ƙara wa kwamfutar kwaikwayo sauri.

Da farko, mece ce kwamfutar kwaikwayo? Manhaja ce da ke kwaikwayon cikakkiyar kwamfuta a cikin wata kwamfutar, ta yadda mai amfani da Linux zai iya kunna Windows a gefe guda ba tare da ya sayi wata na'ura ba. VirtualBox da VMware da QEMU duk wannan aikin suke yi. Dabarar tsohuwa ce, domin kamfanin IBM ya fitar da VM/370 tun a 1972. Masana suna kiran kwamfutar ainihi mai masauki, ta kwaikwayon kuwa baƙuwa, kuma a ganina waɗannan sunaye biyu sun zauna daram a Hausa.

Kowace kwamfuta tana da ma'adana inda take ajiye bayanan da take aiki a kansu. An yanka ma'adanar ƙananan gurabe, kowane gurbi bayit ɗaya ne, kuma yana da lambarsa, wato adireshi, daga 0 zuwa sama. To amma furosesa, wanda shi ne mai yin lissafin, ba ya ɗibar bayit ɗai-ɗai. Na Intel da na AMD suna ɗibar layi guda ne mai bayit 64: daga 0 zuwa 63, daga 64 zuwa 127, haka dai. Alal misali, a ce an ajiye wata lamba mai bayit 8 daga adireshi na 60. Za ta ƙare a 67, rabinta a layin farko, rabi a na biyu, sai an ɗebo layi biyu ke nan kafin a haɗa ta. Mu ɗaliban harshe mun san irin wannan: kalmar da aka raba, gaɓa ɗaya a ƙarshen shafi, sauran a bayansa, sai an juya takarda kafin a karanta ta. Idan aka tsallake gurabe huɗu aka fara daga 64, ɗiba ɗaya ta wadatar. Wannan shi ne daidaita mazauni: a fara ajiye abu a adireshin da girmansa zai raba ba tare da saura ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen shafuka. Adireshin da manhaja ke gani ba shi ne na gaskiya ba. Babbar manhaja, irin su Linux, tana raba ma'adana shafi-shafi, kowanne bayit 4096, tana kuma riƙe da jadawalin da ke nuna inda kowane shafi yake a zahiri. Duk lokacin da manhaja ta nemi wani bayani, sai furosesa ya fassara adireshin. A irin furosesan da muka ambata jadawalin hawa huɗu ne, don haka fassara ɗaya tana iya cin leƙe huɗu a ma'adana. Saboda a rage wannan wahala aka yi wa furosesa wani ɗan littafin tuni da ake kira TLB, inda yake rubuta fassarorin da ya yi kwanan nan. Sai dai littafin ƙarami ne. A furosesan Skylake da Intel ya fitar a 2015, babban sashensa yana ɗaukar fassara 1,536, wanda idan aka lissafa da ƙananan shafuka megabayit 6 ne kacal.

Yanzu mai karatu ya dubi halin baƙuwa. Tana da nata jadawalin, amma abin da take ɗauka adireshin gaskiya ne shi ma na aro ne, sai mai masauki ya sake fassara shi. Kamar tafinta biyu ne a jere, Bayarabe ya faɗa wa na farko, na farko ya mayar Turanci, na biyu ya mayar Hausa. AMD a 2007 da Intel a 2008 sun sa wa furosesansu hanyar yin fassarar biyu da kansa, amma duk da haka idan adireshi ba ya cikin littafin tuni, leƙen da a da huɗu ne yana iya kai wa 24. Dalili kuwa shi ne kowane hawa na jadawalin baƙuwa sai an bi na mai masauki kafin a same shi.

Maganin da aka samo shi ne manyan shafuka masu megabayit 2, wato ƙananan shafuka 512 a haɗe. Baƙuwar da aka ba gigabayit 4 tana da ƙananan shafuka 1,048,576, amma manyan 2,048 ne kawai. Ga shi kuma hawa ɗaya na jadawalin ya faɗi, don haka idan ɓangarorin biyu suna amfani da manyan shafuka leƙen nan 24 sai ya koma 15. Tun 2011 Linux yake iya haɗa ƙananan shafuka su zama manya da kansa, ba sai an roƙe shi ba.

A nan ne sharaɗin yake. Babban shafi ba ya farawa sai a adireshin da megabayit 2 za ta raba ba saura, kuma dole iyakar ta zo daidai a wajen baƙuwa da wajen mai masauki. Idan QEMU ta nemi wuri aka ba ta wanda ya goce ko da bayit 4096 ne, to duk iyakokin baƙuwa sun faɗa tsakiyar shafukan mai masauki. KVM, sashen Linux da ke kula da baƙi tun 2007, idan ya ga haka sai ya hana manyan shafuka a wannan yankin baki ɗaya. Ba abin da zai lalace, ba kuma saƙon kuskure da zai fito. Baƙuwar dai za ta yi ta aiki da nawa, mai ita yana ɗora wa na'urarsa laifi.

Gyaran da QEMU ke yi ya burge ni saboda sauƙinsa. Tana neman wurin da ya fi bukatarta da megabayit 2, sai ta nemo iyakar farko da ta dace a ciki, ta fara daga nan, ta mayar da rarar gaba da ta baya.

Manyan shafukan ma suna da nasu tsadar. Manhajar da ke bukatar ɗan wuri kaɗan tana iya riƙe megabayit 2 cur. Har ila yau, akwai KSM, wanda ya shiga Linux a 2009 don ya haɗe shafukan baƙi masu abu iri ɗaya a rage cin ma'adana. Shi da ƙananan shafuka yake aiki, sai ya farfasa manyan kafin ya haɗe su. Mai tara baƙi da yawa a na'ura ɗaya dole ya zaɓa tsakanin sauri da tsimi.

Akwai wata irin kwamfutar kwaikwayo, wadda ke gudanar da manhajojin Java, ita kuma ta ci ribar daidaitawa ta wata fuska. Tana ajiye kowane abu a adireshin da 8 za ta raba, don haka ba ta bukatar rubuta cikakken adireshin. Sai ta raba shi da 8 ta ajiye, in ta tashi amfani da shi ta ninka. Da wannan dabara adireshi mai bayit 4, wanda a ƙa'ida gigabayit 4 ne iyakarsa, yana kai wa gigabayit 32.