Yawan jama'a da zaɓen shugaban ƙasa: abin da Kano da Texas suka nuna

Ƙofar Ɗan Agundi a da iyaka ce tsakanin birnin Kano da wajensa. Yau gari ya tsallake ganuwa, ya malala zuwa Sheka, Dorayi, Rijiyar Zaki da Panshekara, inda haihuwa da ƙaura daga ƙauyuka ke ƙara jama'a kullum. Wannan ne ya sa 'yan siyasa ke kallon Kano a matsayin rumbun ƙuri'u. Sai dai yawan mutane ba ya komawa ƙuri'a kai tsaye.

A zaɓen 2023, INEC ta yi wa mutum 5,921,370 rajista a Kano, adadin da Legas kaɗai ta zarce. Amma ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. A 2015, lokacin da rajistar ba ta kai haka ba, Muhammadu Buhari shi kaɗai ya samu 1,903,999. Rajista ta ƙaru, masu fitowa sun ragu.

Haka kuma jama'ar ba ta tsaya wuri guda ba. APC da ta samu 1,464,768 a 2019 ta faɗo zuwa 517,341 a 2023, yayin da Rabiu Musa Kwankwaso na NNPP ya kwashe 997,279.

Amurka ta ga irin wannan. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa 'yan asalin Latin Amurka, waɗanda ake kira Hispanik, sun haura miliyan 62, kusan kashi 19 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Ƙaruwarsu na cikin abin da ya ɗaga Texas daga wakilai 38 zuwa 40 a kwalejin zaɓe. An daɗe ana hasashen cewa hakan zai miƙa irin waɗannan jihohi ga jam'iyyar Democrat, kuma nasarar Joe Biden a Arizona a 2020 ta ƙarfafa hasashen. Amma a 2024 Donald Trump ya karɓe Arizona da Nevada, ya kuma ci gundumar Starr ta Texas, wadda kusan duk mazaunanta Hispanik ne, wadda kuma Republican ba ta ci ba sama da shekara ɗari. Tsadar rayuwa na cikin manyan dalilan da masu nazari suka kawo.

Akwai bambanci a doka. A Amurka, in ban da Maine da Nebraska, wanda ya ci jiha shi ke kwashe wakilanta duka. A Najeriya kowace ƙuri'a tana shiga jimillar ƙasa, kuma sashe na 134 na kundin tsarin mulki ya wajabta samun kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi. Don haka ƙuri'un Bola Tinubu a Kano ba su faɗi ƙasa banza ba duk da ya zo na biyu: sun ƙara masa jimilla, sun kuma cika masa sharaɗin kashi 25.

Matasa 'yan shekara 18 zuwa 34 su ne kusan kashi 40 cikin ɗari na rajistar ƙasa a 2023. Kafin 2027, tasirinsu a Kano ya rataya ne kan karɓar katin zaɓe, mayar da rajista zuwa sabuwar unguwar da mutum ya koma, da kuma fitowa ranar zaɓe.