Ganye da Ƙarfe: Nazari Kan Wani Sabon Yayi a Ɗakunan Bincike

Duk wanda ya taɓa zama kusa da dukawa, ya ga yadda kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera, yake mayar da fatar da aka jeme da bagaruwa baƙa ƙirin, to ya shaida wani sashe na hikimar da Allah Ya ajiye tsakanin tsiro da ƙarfe, wadda a yau ta ɗauki hankalin masana kimiyya a Jami'ar Abuja da Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda da ke yankin Kwali.

Kaifiyyar aikin da masanan suke yi ba ta da wuyar fahimta. Akan tafasa ganyen zogale, ko darbejiya, ko shuwaka, a tace, a zuba ruwan cikin narkakken gishirin zinki ko na jan ƙarfe. Launi ya juya, laka ta kwanta a gindin kwalba, sa'an nan a gasa ta da wuta mai tsanani har ta zama gari, wanda ƙwayarsa ba ta kai nanomita 100 ba, alhali kaurin silin gashi ya kai dubun dubatar nanomita.

Sabubban wannan yayi a bayyane suke, domin sinadaran da ake shigowa da su daga ƙetare, ban da dafin da ke cikin wasunsu, sun yi tsadar gaske tun da darajar naira ta faɗi a 2023, shi kuwa zogale yana bayan gida. Ga kuma ƙa'idar jami'o'i cewa malami ba ya samun ƙarin girma sai da maƙalu.

Fa'idar ba abar musu ba ce, tun da an tabbatar garin yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, yana kuma karya rinin da ke gurɓata ruwa, abin da unguwannin masana'antun Kano irin su Challawa suke matuƙar bukata. Amma abin da ke damuna shi ne, ganyen damina ba ɗaya yake da na rani ba, na Gwagwalada kuma ya saɓa da na Katsina, saboda haka ƙwayoyin garin da aka samu yau ba lalle su yi daidai da na gobe ba, mai masana'anta kuwa ba zai zuba dukiyarsa a abin da ba shi da mizani tsayayye ba. Illarsu ga kifi da ƙasar noma ma tana bukatar tahƙiƙi kafin a sake su cikin kogi.