Haɗa Akwatunan Ƙararrawar Gobara: Dabarar Kare Dukiyar 'Yan Kasuwar Mubi

MUBI: Gobarar da ta laƙume dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a shekarar 2016, da wadda ta cinye Monday Market ta Maiduguri a 2023, duka biyu da dare suka tashi, lokacin da masu dukiya ke barci. Wannan darasi ne ga Mubi, cibiyar cinikin da ke kusa da iyakar Kamaru, inda fatake kan ajiye jarinsu kacokan a rumfuna da sito-sito masu manne da juna.

A tsarin gargaɗin gobara, na'urorin jin hayaƙi da zafi sukan aika saƙo zuwa wani akwati, shi kuma ya kaɗa ƙararrawa. Matsalar ita ce, idan kowane layi yana da nasa akwati shi kaɗai, ƙarar takan tsaya a inda wutar ta tashi, alhali maigadi yana can bakin ƙofa.

Maganin haka shi ne a haɗa akwatunan da waya, ta yadda abin da ɗaya ya gani zai bayyana nan take a kan sauran, har da na ɗakin masu gadi. Irin na zamani yakan nuna lambar na'urar da ta ji hayaƙin, saboda haka a nufi rumfar kai tsaye, a kuma faɗa wa 'yan kwana-kwana ƙofar da za su shigo.

Wayar tagulla ta tsarin RS-485 takan kai kimanin mita 1,200. In nisa ya zarce haka, sai a koma ga zaren gilashi, wato fiba. An fi so a zagaya da wayar kamar zobe, domin in wuta ta katse ta a wuri ɗaya, saƙo ya bi ta ɗaya ɓangaren. Ƙa'idojin Amurka da na Birtaniya sun tanadi batir mai riƙe akwati awa 24 in an ɗauke lantarki.

Sai dai akwatunan kamfanoni dabam-dabam galibi ba sa jin yaren juna. Don haka wajibi ne ƙungiyar 'yan kasuwa ta tsayar da samfuri guda kafin kowane layi ya sayi nasa, ta kuma ware kuɗin gwaji da sharar na'urori, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sa su kuka ba dalili. Ƙararrawar da ta saba yin ƙarya, ranar gaskiya ba mai tashi.