Jar akuyar Maraɗi: wa ke tsaron irin?

Duk wanda ya ratsa karkarar Tasawa, Mayahi, Madarunfa ko Gidan Rumji ya san da wuya a shiga gida ba a iske akuya ɗaure a turke ba. Mafi yawan awakin nan na mata ne. Akuya ita ce asusun uwargida: da ita ake sayen hatsi in rumbu ya ƙare, da ita ake biyan magani da kayan ɗakin ɗiya. Amma irin da wannan asusu ya dogara da shi yana bukatar tsaro.

A Nijar manyan ire-iren awaki biyu ne. Akwai akuyar Sahel, doguwa mai dogayen ƙafafu, wadda ke jure tafiya da ƙishirwa a ƙasar makiyaya ta arewa. Akwai kuma jar akuyar Maraɗi, gajeruwa mai gajeren gashi, ta ƙasar manoma, wadda a hayin iyaka ake kira jar akuyar Sakkwato. Tana soma haihuwa tun tana da shekara guda ko fiye da haka kaɗan, cikinta wata 5 ne, kuma tagwaye ba abin mamaki ba ne gare ta. Fatarta mai laushi ce da ƙarfi. Tun zamanin ayari ake ƙetare hamada da jemammun fatunta, har Turawa suka laƙaba musu sunan fatar Maroko, don daga can suke isa gare su.

Darajar fatar ce ta jawo hankalin hukuma. A zamanin mulkin mallaka likitocin dabbobi sun bi ƙauyuka suna fiɗiye bunsuran da ba jajaye ba. Bayan samun mulkin kai, a 1963, aka buɗe gidan kiwon awaki na Maraɗi, domin zaɓen iri da rarraba bunsuran barbara ga talakawa. Aikin ya yi amfani, ya kai jar akuya jihohi da dama har da ƙasashen maƙwabta. Sai dai ya bar wata al'ada ta auna akuya da launinta kawai.

A shekarar 2002 masana na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai sun wallafa wani bincike da ya kwatanta jar akuya da baƙar akuya ta yankin Maraɗi. Ba su iske wani babban bambanci ba wajen haihuwa da girma. Ke nan abin da ake so ga akuyar nan, wato yawan ƴaƴa, nono da jure wahala, yana cikin jinin garken ƙasar baki ɗaya. In aka yar da kowace akuya don gashinta ya sha bamban, ana iya yar da gadon da zai ceci garke ranar da fari ko annoba ta zo. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san ba kowace bisa ce ke kai wa damina ba.

Haɗarin da ke fuskantar irin kashi biyu ne. Na farko shi ne barbara tsakanin dangi. Mai gida in bukata ta matsa, bunsurun da ya fi girma yake kai wa kasuwa, don shi ke da kuɗi. Sai a bar ƙanana suna barbarar uwayensu da ƴan uwansu, shekara bayan shekara. Sakamakon sananne ne: ƴaƴa tsumburarru, masu saurin mutuwa. Na biyu shi ne gauraya ba tsari. Inda garken makiyaya ke sauka bayan kaka, bunsuran Sahel na haɗuwa da jajayen awaki a rijiya da makiyaya, har siffar kowane iri ta ɓace. Kowanensu yana da ƙasar da ta dace da shi, kuma asarar ɗaya asarar kowa ce.

Maganin ba ya bukatar miliyoyi. Unguwa ta ware bunsuru mai kyau, ɗan uwa mai haihuwar tagwaye da yawan nono, ta hana sayar da shi. A yi musanya da wani ƙauye mai nisa, kamin ƴaƴansa mata su isa barbara a hannunsa. Sauran maza a mayar da su taure, su yi ƙiba don kasuwa. A riƙa kai awaki allurar rigakafin annobar ƙananan bisashe, wadda hukumomin duniya suka ƙudurta kawar da ita nan da 2030.

Dillalai da ƴan kasuwar fatu su ma suna da nasu rabo, domin wanda ya kwashe bunsuran ƙwarai bana, shi zai rasa fata mai kyau baɗi. Ma'aikatan kiwo kuwa, ya kamata rajistarsu ta ƙunshi yawan haihuwa da rayuwar ƴaƴa, kuma su nemi shawarar matan da suka san tarihin kowace akuya tun daga kakarta. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah ya albarkaci turke.