Intabiyun Babban Injiniyan Manhaja: Hadda Ba Ta Isa Ba

Tun da manyan kamfanonin fasaha na Amurka suka shiga sallamar ma'aikata, hankalin matasanmu masu rubuta manhaja bai kwanta ba. A Nuwamban 2022 Meta ya sallami mutum 11,000. A Janairun 2023 Google ya bi sahu da 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma 18,000. A tsakanin nan ne ChatGPT ya fito, sai aka haɗa biyun aka yanke hukunci: wai ƙofa ta ƙuntata, ba mai wucewa sai wanda ya haddace tambayoyi ɗari biyar na LeetCode, shafin atisayen rubuta kod. Na ga masu shekara shida da bakwai a bakin aiki sun ajiye komai sun duƙufa hadda dare da rana kamar masu shirin musabaƙa, suna neman kujerar babban injiniya. Wannan fahimta ita ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Ba na musun cewa akwai zagayen rubuta kod a intabiyu. Ana ba mutum matsala da minti arba'in da biyar, ana kallon hannunsa, kuma wanda ya daɗe bai motsa hannu ba zai ji kunya. A yi atisaye, ko da awa ɗaya ce a rana. Sai dai ga mai neman matakin siniya, wato babban injiniya, wannan zagaye zaure ne kawai. Cikin gidan yana gaba: zagayen tsara ginin manhaja, da zagayen da ake tone tarihin aikinka da halinka. A nan ake yanke matakin da za a ɗora ka. Shi ya sa mutum kan warware tambayar kod tsaf, sannan takardar ɗauka ta zo da matakin ƙasa da wanda ya nema, ya rasa inda aka haihu a ragaya.

Kamfanonin da kansu sun daɗe da gane iyakar tambayoyin ƙure. Tun a 2013 Laszlo Bock, wanda ke kula da sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya shaida wa jaridar New York Times cewa tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa da suke yi wa masu neman aiki ɓata lokaci ne. A gida ma mun ga darasi. A Satumban 2019 kamfanin Andela, wanda ya fara daga Legas a 2014, ya rabu da ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, ya ce kasuwa manya take nema. Ƙananan nan sun iya kod. Abin da masu biya suke so a sayar musu shi ne hankalin da ke yanke shawara.

Mene ne wannan hankali? Matar da ke dafa wa mutum biyar tuwo ta iya girki, ba shakka. Amma a ce mata gobe biki, baƙi ɗari biyar, nan za a ga bambanci. Wadda ta saba girkin taro ba za ta fara da hura wuta ba. Za ta tambayi yawan mutane, da lokacin da za su iso, da yawan tukwane, da inda za a samo ruwa idan randa ta ƙare. Haka tela: ɗinka riga ɗaya mai kyau daban, riƙe shago a jajibirin Sallah daban, lokacin da wuta ta ɗauke, yaro ɗaya ya kwanta ciwo, kuma kowa yana son kayansa kafin asuba. Haka magini: wanda ya iya jera bulo yana da amfani, amma wanda ke duba ƙasa ya ce wannan fili ba zai ɗauki bene ba sai an zurfafa tushe, shi ake kira ubangida. Idan mai intabiyu ya ce maka, “Tsara mana manhajar tura kuɗi,” yana so ya ga ko kai mai girkin taro ne. Wanda ya zabura yana zana akwatuna a allo bai tambayi komai ba, ya riga ya faɗi.

Mu kuwa ba ma buƙatar aron misali daga waje. Duk wanda ya ga farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, ya san abin da ke faruwa idan jama'a suka yi wa tsari rubdugu. Tsabar kuɗi ta ɓace, kowa ya koma tiransifa, sai ga mutum tsaye gaban mai shago an cire masa kuɗi, alat bai shiga ba. Tambayar da babban injiniya zai ji a intabiyu ke nan: abokin hulɗa ya danna “tura”, sabis ya yanke kafin amsa ta dawo, ya sake dannawa. Ta yaya za ka hana a cire masa sau biyu? Amsar tana cikin littafin mai adashe. Kowane zubi yana da lambarsa, idan yaro ya dawo da lamba iri ɗaya ya ce an aiko shi, uwar adashe za ta duba ta ce an riga an rubuta. Haka manhaja ke maƙala wa kowace buƙata lamba ta musamman, ta ƙi maimaita aikin da ta gama.

Daga nan mai tambaya zai matsa. Idan rumbun bayanai ya cika fa? Idan sabar da ke Legas ta faɗi fa? Babu amsa ɗaya da za a haddace, domin kowace mafita tana da farashinta. Ka ajiye kwafin bayanai kusa da mai amfani, sauri ya ƙaru, amma wani lokaci ya ga tsohon lissafi. A shafin sada zumunta ba laifi idan adadin masu yabo ya makara da daƙiƙa goma. A asusun banki wannan fitina ce. Siniya shi ne mai cewa da bakinsa: na zaɓi wannan, ga abin da na samu, ga abin da na sarayar, ga kuma ranar da zaɓin zai daina yi mana aiki.

Zagayen tarihin aiki ya fi kayar da namu, kuma dalilin tarbiyya ce. An koya mana cewa yabon kai jahilci, sai mutum ya yi ta cewa “muka yi, muka gyara”, mai tambaya kuma yana neman abin da kai ka yi. Amazon yana da ƙa'idojin jagoranci 16 da yake gina irin waɗannan tambayoyi a kansu, sauran kamfanoni ma hanyar ɗaya ce. Faɗin gaskiyar aikinka ba fariya ba ne. Ka zauna da biro ka rubuta labarai shida ko bakwai daga rayuwar aikinka: ranar da ka saɓa da shugabanka kan fasaha, ƙaramin da ka raina har ya tsaya da ƙafarsa, aikin da ka ce kada a yi. Kada ka ɓoye ranar da ka yi ɓarna. A ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawar manhaja guda daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka rikice. Kamfanin da ya ga wannan yana neman wanda wuta ta taɓa ƙonawa, ya san gwaji kafin saki, ya san sakin gyara kaɗan-kaɗan, ya san hanyar janye shi cikin gaggawa.

A nan nake da magana da hukumomi. Shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023, da burin horar da mutum miliyan uku, abu ne mai kyau, kuma yaranmu na Kano da Kaduna da Sakkwato sun shiga. Amma horon 'yan watanni ƙarami yake haifarwa. Babba yana fitowa ne daga riƙe tsari mai rai shekara da shekaru, ƙarƙashin wani babba, da wuta da intanet masu tsayawa. Muddin ana ƙirga takardun shaida ba a ƙirga guraben aiki, kuma shafukan hukumomi suna faɗuwa duk ranar rajista ba tare da an zauna an binciki dalili ba, to za mu tara masu jera bulo, mu ci gaba da ɗauko masu duba tushe daga waje.

Kai kuma ɗan'uwa mai shirin intabiyu, ka raba lokacinka. Ka ba kod kasonsa, sannan ka ɗauki manhajar da kake aiki a kanta yau ka zana ta a takarda, ka tambayi kanka inda za ta fara tsagewa idan masu amfani suka ninka goma. Ka nemi wanda ya girme ka a sana'ar ya zaunar da kai ya yi maka tambayoyi, ka amsa da murya, da Turancin da za ka yi amfani da shi ranar. Shekarun da ka yi kana gyara abin da ya lalace da tsakar dare su ne jarinka, ka shiga ɗakin da su.