Rubuta Abin Da Ke Damunka Yana Rage Nauyin Zuciya

'Yan'uwa a ikilisiyoyin Karaye da Rogo, mun saba rubuta kuɗin baiko da buhunan taki da bashin da ake binmu. Abin da ba mu saba rubutawa ba shi ne abin da ke hana mu barci: masarar da ba ta yi ba, kuɗin makarantar yara, ɗan da ya tafi Kano shiru ba labari. Mutum zai kwana yana juya magana ɗaya, gari ya waye tana nan yadda take.

A wani bincike da aka wallafa a shekarar 1986, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubutu na minti 15, kwana 4 a jere. Waɗanda suka rubuta baƙin cikin da ya same su, da yadda suka ji a ransu, sun rage zuwa asibiti a watannin da suka biyo baya, fiye da waɗanda aka ba abubuwan yau da kullum su rubuta. Damuwar da ke yawo a kai ba ta da farko, ba ta da ƙarshe. Idan ta sauka a takarda dole ta jeru, sai mutum ya ga wadda zai iya yi wa wani abu da wadda zai bar wa Ubangiji.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Zabura ta 88 kuka ce tun daga farko har ƙarshe, kuma ba a fitar da ita daga Littafi Mai Tsarki ba. Saboda haka faɗin baƙin ciki ba rashin bangaskiya ba ne.

Littafin rubutu irin na 'yan firamare ya isa. A rubuta da Hausa, ba mai duba kuskure. A ɓoye shi sosai, domin a gidan da ake da yawa, wanda ke tsoron a karanta ba zai rubuta gaskiya ba. Ranar farko zuciya takan ƙara ɓaci kafin ta lafa. Iyayenmu na Zumuntar Mata da ba su yi karatu ba suna iya faɗa wa amintacciyar 'yar'uwa ta rubuta musu.

Amma littafi ba likita ba ne. Wanda ya yi makonni ba ci ba barci, ko yana tunanin kashe kansa, a sanar da fasto, a kai shi asibiti ba jinkiri. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau, kusa da Kano.